Sabulun da Ban Yi Niyya Ba

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki irin gaisuwar da na saba, wadda nake durƙusawa a bakin ƙofar ɗakinki in yi, ke kuma ki amsa ba tare da kin ɗago kai daga tsintar shinkafa ba. Na san takardar nan ba za ta iso gare ki ba. Ko da kina raye ma sai an nemo wanda zai karanta miki, kina katse shi kina cewa ya daina sauri. Shekara guda ke nan da wata biyu da Allah ya karɓe ki. Addu'a ba ta yanke ba, ita ce kaɗai abin da na san tana isa. Amma akwai maganganun da na daɗe ina riƙe da su, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ki fara tambaya. Yaya Umaru yana nan lafiya, sai furfura da ta fito masa lokaci guda. Matarsa Asabe ta sauka bayan babbar salla, an samu mace, an sa mata sunanki. Yanzu duk gidan ba mai iya kiran jaririyar da sunanta, sai dai a ce Inna Ƙarama. Asabe ce ta karɓi rumfar suyarki ta bakin tashar Argungu. Kifinta ba laifi, sai dai tana da gaggawar wuta, tarwaɗa takan yi duhu a baya cikinta bai gama ba. Ban faɗa mata ba. Ruwa ya ci wani gefen fadamarmu ta Gulma da damina, amma shinkafar rani ta yi kyau. Aminiyarki Gwaggo Hajo idanunta sun yi rauni, sai an matso ta ji murya take gane mutum. Jikokinki na nan Birnin Kebbi suna ta girma. Fatima har yanzu in ta ga mota ta nufi hanyar Argungu sai ta tambaya ko gidan Inna za ta.

Kin tuna tukunyar sabulu? Ni ba abin da na tsana a yarintata kamarta. Ran nan na zauna ina tunawa, har na ji zafin muciyar a tafin hannuna. Duk ranar Alhamis za ki tara tsohon man da kika gama suya da shi, wanda ya yi baƙi har ba ya sake soyuwa. Ki sa in kwaso tokar karan gero, mu zuba a kwando mai tsumma, mu riƙa tsiyaya ruwa a kai. Ruwan da ya ɗiga ƙasa sai ki dangwala da ɗan yatsa ki taɓa a harshe. In kin yamutsa fuska, ya yi. In kin yi shiru, sai a sake. Daga nan sai tuƙi, tun hantsi har la'asar, hayaƙi na shiga ido, ƙawayena suna wucewa zuwa bakin gulbi suna yi mini gwalo. A gindin wannan tukunya na yi wa kaina alkawarin zan yi karatu har in kai inda ba mai sake ba ni muciya.

Kuma kin bar ni na yi. Bayan rasuwar Baba mutane nawa suka ce miki ya isa haka? Ba ki taɓa yi musu gardama ba, sai dai da safe a ga kin ɗaura mini ƙullin soyayyen kifi kin raka ni tasha. Da na ce miki abin da nake karantawa sunansa injiniyancin sinadarai, kin maimaita sau biyu, kika ce sunan ya fi ƙarfin bakinki. Daga ranar duk wanda ya tambaye ki sai ki ce Larai tana koyon haɗe-haɗe. Na riƙa jin haushin wannan kalma. Yanzu da na daɗe a cikin aikin, ban san wadda ta fi ta gaskiya ba.

Da na samu aikin koyarwa a nan Birnin Kebbi, na kuma shiga karatun babban digiri, sai na zaɓi bincike a kan mayar da tsohon man suya ya zama man da injin dizal zai sha. Ban taɓa gaya miki dalilin ba. Dalilin Yaya Umaru ne. Ina ganin yadda yake fama da neman man gas don injinsa na casar shinkafa, wata rana ya samu, wata rana mata su jibge buhuna a ƙofa shi yana can yana bin gidajen mai da jarka. Shi ya bar makaranta ya riƙe gida don ni in ci gaba. Na so in zo masa da wani abu a hannu. Na so kuma, in faɗi gaskiya, mutanen unguwa su gani.

Ke ce kika fara ba ni mai. Man da kike sabulu da shi, wanda kike sayarwa ki sayi goro da ɗan turarenki, shi kika riƙa tace mini a jarka duk mako. Kika bi sauran masu suya na tasha ɗaya bayan ɗaya kina cewa su tara wa ɗiyarki. Ba ki tambaye ni me zan yi da shi ba sai sau ɗaya. Na ce miki man suya yana da kauri, inji ba ya iya shan sa, sai an haɗa shi da wani irin sifirit mai suna metanol ya tsinke shi. Su biyun kuma ba sa haɗuwa da kansu, sai an sa wani abu na uku da zai zuga su, wanda muke kira katalis. Kika ce to, dillaliya ke nan. Tun daga nan ba ki sake kiran sa da wani suna ba.

Dillaliyata ta farko soda ce, irin ta kanti, yadda littattafai suka ce. Man ya fito a kwalba garau, kalar zuma. Malamin da ke duba aikina ya ce in dakata, in wanke shi, in auna shi, in gwada a ƙaramin injin makaranta tukuna. Ban dakata ba. Kaka ta yi, shinkafa ta shigo, man gas ya yi wuya, ni kuma zuciyata tana ta gaggawa. Na cika jarka biyu na hau mota.

Inna, kin ga fuskar Yaya Umaru a ranar? Ya kira maƙwabta. Ya ce ƙanwarsa injiniya ce, ta yi mai da hannunta. Ya juye jarkar a tanki ba tare da ya ko sunsuna ba. Injin ya tashi, mata suka yi guɗa, ni ina tsaye a gefe ina gyara mayafi kamar ba komai. Bai cika awa guda ba ya fara tari. Ya yi baƙin hayaƙi, ya yi wata irin shaƙuwa, ya tsaya. Da bakanike ya kwance matatar mai sai ga wani abu fari mai yauƙi ya toshe ko'ina, har cikin nozul, bakin da ke fesa mai, da famfon mai. Kwana goma sha ɗaya injin yana kwance a tsakiyar kaka, ana jiran kayan gyara daga Sakkwato. Matan da suka shekara suna kawo masa shinkafa suka koma wani injin, da yawansu ba su dawo ba. 'Yan tasha suka laƙa masa suna, Umaru mai kumfa. A gaban mutane ya ce mini daga yau in riƙe karatuna a Birni, kada in sake kawo shi inda ake neman abinci.

Da yamma na shigo gida da ragowar jarkar. Kika tsiyaya kaɗan a tafin hannu, kika ɗiga ruwan buta, kika murza. Kumfa ta tashi. Sai kika fashe da dariya har kina riƙe ciki, kika ce, “Larai, ashe duk karatun ga sabulu kit tahi koyo? Da kin zamna gida ai da na ƙare koya miki.” Na san ba da mugunta kika faɗa ba. Na sani tun a lokacin. Amma na tashi na ɗauki jakata, na bar tuwon da kika zuba mini a rufe, na tafi tasha ba sallama. Wata biyu ban taka Argungu ba. In kin sa an kira ni a waya sai in ce ina aji. Me ya same ni, Inna? Wa nake hukuntawa?

Ke da ba ki son mota, ke da kike cewa warin fetur yana juya miki kai, sai ga ki wata ranar Talata da hantsi a ƙofar ɗakin gwajinmu. Mai gadi ya shigo ya ce wata tsohuwa tana nemana, ta ce ba za ta tafi ba. Na fito na gan ki da zanenki mai ruwan ƙasa na zuwa biki, da ƙulli uku a leda. Ba ki yi mini maganar fushi ba, ko kalma ɗaya. Kika ce in nuna miki madafar.

Har yau in na shiga ɗakin nan ina ganin ki a kan doguwar kujerar nan, ƙafafunki ba su kai ƙasa ba, kina bin kwalabe da ido. Kika ga injin da ke juya ruwa a kwalba da kansa, kika ce ashe an samu mai tuƙi. Kika miƙa yatsa za ki dangwali abin da ke ciki ki ɗanɗana, na cafke hannunki da ƙarfi don metanol guba ne. Kika dube ni kika ce, to ta yaya nake sanin abu ya yi in ban taɓa shi a harshe ba? Na nuna miki na'urar awo. Kika gyaɗa kai irin na wanda bai gamsu ba.

Sannan kika sa na ba ki labarin duk abin da na yi, daki-daki. Da na gama kika ce ban yi kuskure ko ɗaya ba, in dai sabulu nake so. Tsohon mai, kika ce, ya fi sabo saurin kamawa, shi ya sa kike tara shi. Man kifi kuma ba ya rabuwa da ruwa, ko ido bai gani ba yana nan. Na kawo tsohon mai mai ruwa na zuba masa abu mai kaifi, me nake jira ya zama? Kika ce shekara arba'in kina koyon yadda sabulu ke kamawa, don haka kin san duk hanyoyin da yake ƙin kamawa, su za ki faɗa mini.

Kika kwance ƙullin farko, tokar karan gero, kika ce wannan ita ce mai faɗa. Na biyu tokar ɓuntun shinkafa ce daga bayan injin Yaya, fara sol, mai ƙaras-ƙaras kamar yashi. Kika ce wagga raguwa ce, ba ta cin mai, in ta shiga tukunya bisa kuskure ranar an yi asarar tuƙi. Ƙulli na uku shi ne wanda ya sauya mini aiki. Kika ce wata shekara kuna 'yan mata a Gulma, ke da Hajo, itace ya yi wuya, kuka kwaso toka daga ramin da masu ginin tukwane suke gashi. A can ana haɗa kara da ɓuntu a ƙona, wuta ta ci ta sake ci. Tokar tana da ɗan kaifi a harshe, amma kun yi ta zuba ruwa ta ƙi sakin kaifinta, sabulu ya ƙi. Kakata ta yi muku faɗa har kuka yi kuka. Kika ce tun da ni dillaliya nake nema wadda za ta zuga ba ta narke a ciki ba, in gwada wannan. Kin sa an kai ki Gulma takanas don ki samo mini ita.

Ban ce miki na gode ba. Na ce zan duba. Na raka ki tasha, na saya miki lemo, kika ce in kai wa yara.

Abin da kika faɗa a kan kujerar nan shi na yi shekara biyu ina bi. Na fara dafa man a hankali har ruwan ya fita, in tace, in rage masa tsamin da tsufa ya sa masa. Na jiƙa tokar ɓuntu da ruwan tokar kara, in busar, in sa a tanderun makaranta in gasa da wuta mai tsanani. Wani haɗin ya yi rauni ya kasa tsinka man. Wani ya yi kaifi ya koma ba ni kumfa. Na yi ta sauya awo, ina sauya zafin wuta. Duk Asabar ina zuwa Argungu da ƙananan kwalabe a jaka, mu zauna a inuwar darbejiyar tsakar gida, ki ɗaga kowace ki duba ta a rana. Ki ce wannan da saura. Ki ce wannan ta kusa. Sau da yawa abin da idonki ya faɗa shi na'ura take faɗa ranar Litinin. Waɗannan Asabar ɗin su ne mafi daɗin kwanakin da na yi da ke. Kina gyaran kifi, ina ba ki labarin tanderu, kina ba ni labarin wanda ya yi aure da wanda ya rasu. Ban san ƙidayayyu ba ne.

Yaya kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu. In na shigo ya fita. Ba ki taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, sai dai ki ce mai inji. Ki ce, kin biya wajen mai inji? In ce zan biya. A raina na ƙudura ba zan je masa da baki kawai ba, sai ranar da na riƙo man da ba zai kunyata ni ba. Ke kuma kin gane. Wata rana kika ajiye wuƙa kika ce mini haƙuri da baki ake ba da shi, ba da jarka ba, in je ko man ya yi ko bai yi ba.

Ga abu na farko da nake so in faɗa miki. Ranar da kwalba ta rabu biyu sarai, mai garau a sama, gilisarin, wato kaurin da ya fita daga man, mai duhu a ƙasa, toka ta kwanta a gindi ba ta narke ba, na wanke da ruwa ba kumfa, an kira ni in yi bayani a gaban malamai. Wani dattijo a cikinsu ya tambaye ni inda na samo tunanin haɗa tokar nan biyu in sake gasa su. Inna, na buɗe baki na ce daga karance-karance. Gaskiya ne daga baya na tarar wasu sun yi rubutu a kan abu mai kama da haka, amma ba a can na samo ba. A ƙullin leda na samo. Na ji kunyar in ce uwata mai suyar kifi ce ta faɗa mini. Da na zo gida kika tambaye ni me suka ce, na ce sun yaba. Kika ce madalla, kika ƙara mini kifi.

Abu na biyu ya fi nauyi. Lokacin da ciwon ya kwantar da ke, ɓarin jikinki ya mutu, magana tana fita da ƙyar, kin riƙe mini yatsa da hannunki mai lafiya kika tambaya ko na je wajen mai inji. Na dubi idonki na ce na je, na ba shi haƙuri, komai ya wuce. Ban je ba. Kika daɗe kina kallona, sannan kika lumshe ido. Kwana shida bayan nan kika tafi. Kin yarda da ni a ranar, ko kin ƙyale ni ne kawai, yadda kika saba? Wannan tambaya ta hana ni sukuni wata da watanni. A zaman makoki ni da shi muna karɓar gaisuwa a gida ɗaya, ba mu iya haɗa ido ba.

Sai bayan kwana arba'in na je. Da rana tsaka, hannuna ba komai. Injin yana aiki, ƙurar ɓuntu tana tashi, mata suna zaune a kan buhuna. Na durƙusa a nan gabansu, tun da a gabansu na jawo masa abin, na ce Yaya ka yafe mini. Ya kashe inji. Ya tsaya yana kallona kamar bai gane ba. Sannan ya ce, wane haƙuri kuma, bayan wanda kika aiko Inna da shi tun bara? Ya ce kin same shi a nan wajen, kin ce Larai ta aiko ki, ta ce ta yi kuskure, kunya ce ta hana ta zuwa da kanta. Ya ce tun ranar ya huce. Abin da ya sa yake fita in na shigo, shi ma kunyar maganar da ya faɗa mini a gaban jama'a yake ji, yana ta neman yadda zai fara.

Inna, ban aike ki ba. Ke kin san ban aike ki ba. Kin ɗauki haƙurin da na kasa bayarwa kin kai da ƙafarki, kuma ba ki taɓa faɗa mini ba, don kina so in je da kaina. Shekara guda muka ɓata, ni da shi, kowa yana laɓe wa ɗan'uwansa a kan abin da kika riga kika kashe. Da na je lokacin da kika ce, da kin gan mu mun zauna a tabarma ɗaya. Na hana ki ganin wannan. Shi ne abin da na fi neman gafararki a kai.

Yaya ne ya ce in kawo man. Ni ce na ƙi wannan karon. Sai da na gwada shi a ƙaramin injin makaranta mako bayan mako, muka kwance muka duba ba abin da ya taru, malamina ya sa hannu. Ko da na kawo, ban yarda an juye shi zalla ba, muka surka kaɗan a cikin man gas, daga baya muka riƙa ƙarawa. Ba mu gayyaci kowa ba. Injin ya tashi, ya yi ta aiki, ni ina tsaye kusa da shi ina sauraron kowane bugu. Awa ta wuce, biyu ta wuce. Can wata tsohuwa daga cikin masu jiran shinkafa ta ɗaga hanci ta ce, wa ke suya a nan? Sai a lokacin na lura. Hayaƙin da ke fita ta bututun injin ƙamshin rumfarki yake yi. Ƙamshin zanenki in kin dawo daga tasha da la'asar. Man da na yi aikin da shi daga jarkokin ƙarshe ne da kika tace mini kafin ki kwanta. Na juya in yi wa Yaya magana ban gan shi ba. Na same shi a bayan tarin buhuna, ya tsuguna, ya rufe fuska da hularsa. Na tsuguna kusa da shi. Injin ya yi ta casa har aka kira la'asar.

Kada in yi miki ƙari, abin bai kai inda mutanen unguwa suke zato ba. Yaya har yanzu yana sayen man gas, namu surki ne kawai. Metanol sai an yi odarsa daga nesa. Tsohon man da masu suyar Argungu duka za su tara ba zai riƙe injuna da yawa ba. Amma ana tafiya. Wani abokin aikina ma ya karɓi tokar ɓuntun yana gwada ta a kan baƙin man da manyan injuna ke sha, ko za ta tsotse dattin da ke sa hayaƙinsa ya yi wari yana cin ƙarfe. Ɓuntun da ake rasa inda za a zubar, yanzu da buhu muke zuwa nema.

An gama littafin binciken. A shafin farko na rubuta cikakken sunanki da na garinku, na rubuta cewa tunanin naki ne, da ranar da kika zo da shi da yadda kika same shi. Kafin ranar ban taɓa rubuta sunanki ba, ban taɓa furta shi ba. Ranar kare littafin dattijon nan yana wurin. Kafin ya tambaye ni komai na ce ina da gyara a kan amsar da na ba shi a baya, na faɗi gaskiya. Ya cire tabarau ya ce Allah ya jiƙan ta. Duk ɗakin suka ce amin. Abin da na ji tsoro shekara biyu, iyakarsa ke nan.

Yanzu wata matsala ta taso. Dillaliyar tana aiki karo na farko da na biyu da na uku, daga nan sai ta fara sanyi, ko na wanke ta na sake gasawa ba ta komawa kamar da. Na duba littattafai, kowa da abin da yake faɗa. Na san da kina nan za ki ce in kawo ki gani, ki murza ta a yatsa, ki tuno wata shekara da wani abu ya faru a wata tukunya. Sau nawa kika fara irin wannan labari ina duban agogo? Nawa ne suka tafi tare da ke don ban tambaya ba?

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan tafi Gulma wajen Gwaggo Hajo. Na aika mata, ta ce in zo da wuri kafin rana ta yi zafi, kanta ya fi zama daidai da safe. Ta ce akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane da ta rage a bayan gari, za ta sa a kai ni. Na sayi sabon littafi. Zan zauna a ƙasa in saurara har su gaji, kuma duk wadda ta faɗi magana zan rubuta sunanta a gefen maganar. Yaya ya ce shi zai kai ni a babur ɗinsa, zai rufe injin rabin yini.

Ki yafe mini, Inna. Allah ya yafe miki, ya haskaka makwancinki, ya sa kin huta da hayaƙi da tsayuwa. Allah ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Na bar ki lafiya.

Ɗiyarki,
Larai